Ranar da Labbo Ya Yi Tsere da Surukarsa a Baya

Shekarar da Bature Mai Lofe ya ce za a riƙa kai jakar wasiƙu da mota tsakanin Isa da Sabon Birni, motoci biyu ne kaɗai a duk ƙasar, in ka cire tasa. Ɗaya lorin Wada ce, tsohuwa mai tari, wadda ke jigilar gyaɗa da 'yan kasuwa. Ɗayar kuwa ta Labbo ce.

Shi Labbo, a faɗarsa, direban yaƙi ne. Ya tuƙa motar soja a dajin Bama, can ƙetaren teku, ya haye kogi da ita ba gada, har wani babban hafsa ya yi kuka ranar da za su rabu. Waɗanda aka ɗiba tare da shi sun ce a Zariya ya tsaya, yana wanke tayoyi har aka gama yaƙin. Motar tasa ja ce, ƙarama, kujera biyu, ba rufi, ta wani Baturen kamfanin auduga ce da ya koma ƙasarsu. Labbo ya ba da shanun noman da ya gada, ya zo da ita daga Gusau, ya sa mata suna Guguwa. Gudu kam tana da shi. Sai dai ba ta tashi sai da handul, ƙarfen nan da ake zurawa a hancinta a murɗa.

Bature ya sa tafinta ya yi shela. Ranar kasuwar Isa, bayan mako uku, za a yi tsere zagaye uku a filin da aka share wa jirgi lokacin yaƙi, wanda jirgi bai taɓa sauka a kansa ba. Wanda ya riga isa, shi zai riƙe jakar wasiƙu, hakimi kuma zai naɗa shi Sarkin Mota. Amma akwai sharaɗi: dole motar ta zama mai ɗaukar mutane kullum, domin ba motar ado ake nema ba. Da Wada ya ji sharaɗin nan sai ya yi dariya har ya zauna, ya ce a tambayi Labbo ko a aljihu zai riƙa zuba fasinja.

Labbo bai kwana da maganar ba. Da hantsi ya tura Guguwa har maƙerar Sodangi, tsohon maƙerin da duk fartanyar Sabon Birni ta hannunsa ta fito. Ya zana wani abu a ƙasa da kara, ya ja da baya yana kallonsa.

"Mota biyu za ni yi cikin guda," in ji shi. "Da sahe jaki, da marece doki."

Sodangi ya dubi zanen, ya dubi motar, ya ce shi dai ƙarfe ya sani, amma a iya shekarunsa bai ga jakin da aka aske wa kunne ya wayi gari doki ba. Labbo ya ce ai shi ya sa Sodangi bai je Bama ba.

Aka fara da ɓangaren doki. Labbo ya ce nauyi ne abokin gaban gudu, saboda haka aka cire ƙofofi, aka cire gilashin gaba, aka cire rumfunan taya, aka ɓamɓare katakon da ake ɗora ƙafa har kana hangen ƙasa tana wucewa. Birkin hannu ma ya ce a fitar, domin abin da aka yi shi don tsayawa ba shi da aiki a motar tsere. Da suka zo kan salansa ya sa aka datse ta daga tsakiya. Ya ce ta nan ne mota ke numfashi, Turawa ne suka toshe mata don kunnensu ba ya son ƙara.

Ranar da aka tayar da ita ba salansa, jakunan bakin kasuwa suka tsinke igiya suka nufi gulbi. Akuyar Larai, matar Labbo, ta yi kwana uku ba ta ba da nono ba. Liman ya aiko a gaya wa Labbo ya riƙa duba rana kafin ya murɗa handul, don jiya sahu biyu ba su ji kabbara ba. Labbo ya ce duk wannan shaida ce, ƙarfin ya fara fitowa.

Sai ɓangaren jaki. Aka faskaro giginya aka yi dogon benci, aka gitta shi a bayan motar, ya leƙo waje ta kowane gefe. Labbo ya hana a sa ƙusa, don yana so ranar tsere a kwance shi cikin ƙiftawar ido. Sodangi ya jiƙa ɗanyar fata ya yanka igiyoyi, ya ɗaure bencin kamar yadda ake ɗaure ganga, da rana ta busar da ita ta kama gam. Aka sa tsofaffin tayoyin lori a baya don yashi, motar ta tsaya hanci a ƙasa kamar mai neman abin da ya faɗi. Aka kafa rumfar zana a sama don inuwa.

Mutum shida suka yarda su gwada ta zuwa Gatawa, cikinsu har da Alhassan dillali, wanda ya naɗa sabon rawani don tafiyar. Har sun bar gari lafiya, suna ɗaga wa masu noma hannu. Da Labbo ya taka totur sai guntuwar salansar ta fara tofa tartsatsi, iska ta kai shi cikin zana. Fasinjoji suka fara jin warin hayaƙi, suka yi zaton wani ke toyi a gona. Da suka ɗaga kai suka ga toyin a kansu yake. Kowa ya dira inda ya ga dama. Alhassan ya koma gida a ƙasa da rabin rawani, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa ya shiga mota da inuwa ya fito da toka.

Labbo ya ce laifin zana ne, ba ta saba da gudu ba. Ya jefar da abin da ya rage nata, ya zo da sabuwar dabara. Ya ɗaure babban tulu a gindin bencin, ya huda shi, ya sa bututun kara da zai riƙa ɗiga ruwa har lagireto. Da dutse guda, in ji shi, inji ya sha sanyi, in wuta ta tashi ga ruwa kusa, fasinja mai ƙishirwa kuma ya kurɓa. Sodangi ya ce to, amma a nesanta ruwan da ɗaurin fatar. Labbo bai ji ba, lokacin yana ba masu kallo labarin yadda ya kashe gobarar tankin fetur da hularsa.

Matsalar da ta rage ita ce tun ranar Gatawa babu mai yarda ya hau. Ga shi kuwa dole ya shiga Isa da fasinja a baya, Bature ya gani da idonsa. Sai ya yi shela a bakin kasuwa cewa ranar tsere duk wanda ya riga zama a bencin kyauta zai kai shi kasuwar Isa. Maza suka yi kamar ba su ji ba. Larai kuwa ta ji, ta je gida ta gaya wa uwarta.

Ranar ta zo. Labbo ya fito da sassafe cikin kakin soja da takalmin but ɗin da ya kwana biyu yana gogewa. Sodangi na biye da shi da handul da wuƙar yanke ɗauri. Suna karyo kwana Labbo ya tsaya cik. A tsakiyar bencin, lulluɓe da baƙin zane, Inna Maijidda ce zaune, surukarsa. Ƙwarya uku ta daddawa a damanta, kwandon zabi a hagunta.

Shekara bakwai ke nan da Labbo ya auri Larai, bai taɓa haɗa ido da matar nan ba. Bai taɓa gaya mata magana kai tsaye ba in ba gaisuwa ba, ita ma haka. Ba ya tsayawa da takalmi a gabanta, ba ya wuce ta a miƙe. Nan take ya zauna a ƙasa ya kwance but ɗin, ya durƙusa ya gaida ƙasar da ke gaban tayar baya. Inna ta amsa wa kwandon zabi.

Ya ja Sodangi gefe ya roƙe shi ya lallashe ta ta sauka, ta bi jaki. Sodangi, wanda sa'anta ne, tare suka yi wasan ƙasa, ya je ya faɗa mata. Ta ce ita ta ji an ce kyauta ga wanda ya riga, ta kuwa riga, in mai motar ya fasa maganarsa ya fito ya faɗa a gaban mutane. Labbo ya duba, mutane sun riga sun taru. Ya ce wa Sodangi ya gaya mata ai dama don ita aka yi bencin.

Aka murɗa handul, aka kama hanya. Sai a lokacin Labbo ya gane amfanin katakon da ya ɓamɓare. Guntuwar salansar daidai ƙarƙashin ƙafarsa ta ƙare, totur ya yi zafi kamar tanda, shi kuwa ba takalmi. Ya riƙa takawa da babban yatsa yana ɗagawa, motar tana zabura tana lafawa. Tulu kuma duk zaburar da aka yi sai ya fantsama, ruwa ya bi gindin benci.

Ba su yi nisa ba Inna ta ce wa Sodangi ya gaya wa mai motar ya rage, zabinta na amai. Sodangi ya faɗa. Labbo ya ce a gaya mata wannan ai tafiyar hawainiya ce in aka gwada da Bama. Ta ce a gaya masa ita ba Bama za ta ba. A Gatawa ta ce a tsaya ta yi barka, ɗiyar ƙawarta ta haihu. Aka tsaya. Da ba birkin hannu, Sodangi ya riƙe motar da kafaɗa har ta sha fura ta fito. Gaba kaɗan ta hango mai kalwa ta ce a tsaya ta taɓa. Ta taɓa, ta ce ba ta yi ba.

Rana ta take tsaka suka shigo filin jirgi. Kasuwar Isa kaf ta dawo nan, har mahauta sun bar nama. Wada ya daɗe a kan layi da lorinsa, yana cin gyaɗa. Bature na ƙarƙashin laima, lofe a baki, agogo a hannu. Da ya ga tsohuwa da daddawa da zabi a bayan jar motar sai ya cire lofen ya kaɗa kai, tafinta ya ce Bature ya ji daɗi, ya ga mota mai ɗaukar mutane. Ya ƙara da cewa saura minti biyu, wanda ba ya kan layi ya faɗi.

Labbo ya kashe motar a kan layi ya ce wa Sodangi maza ya sauke ta a yanke ɗaurin. Sodangi ya je ya dawo.

"Ta ce gindin tsamiyar kasuwa anka ce za a kai ta. Ba ta sauka cikin hili tsakiyar maza."

"Gaya mata tsere za a yi."

"Na gaya mata. Ta ce a yi, ita ba ta hana kowa ba."

Tafinta ya ɗaga jan ƙyalle. Labbo ya ce a bar maganar, a murɗa. Sodangi ya zura handul ya murɗa, Labbo kuwa don sauri ya riga ya sa giya. Guguwa ta yi tsawa ta zabura, Sodangi ya yi tsalle gefe ya faɗi zaune, handul a hannunsa. Ƙyalle ya sauka bayan motar ta wuce.

Yanzu fa ba ɗan aike. Inna ta duba dama, ta duba hagu, ba Sodangi. Ga gudu irin wanda ba ta taɓa gani ba, ga mai motar ba a yi masa magana. Sai ta ƙwanƙwasa jikin motar da zobenta.

"Ke mota, gaya ma mai ke ya rage."

Labbo ya sunkuya kan sitiyari ya ce, "Guguwa, gaya ma Inna zagaye ukku na kawai, ta riƙe benci."

"Ke mota, gaya mishi da hannu nawa za ni riƙe? Guda na ga daddawa, guda na ga zabi."

"Guguwa, ce mata ta saki zabin."

"Ke mota, tambaye shi ko shi yab biya su."

Mutanen da ke bakin fili sun ga bakin su biyu na motsi, kowa na kallon ƙarfe, ba su san da wa ake magana ba. Abin da suka gani sosai shi ne jar motar ta bar lorin Wada a baya tun kwanar farko. Labbo na taka totur da yatsa yana cije leɓe, yana canza ƙafa kamar mai rawa a kan rairayin azahar.

A kwana ta biyu ɗaurin ya gaji. Tun daga Sabon Birni fatar ke shan ruwan tulu, ta yi laushi kamar ganda a miya. Ba ta tsinke ba, miƙewa ta yi. Bencin ya zame baya a hankali, ya sauka kan tayoyin lorin nan da aka sa mata a baya, ya sulale ƙasa, ya ja kamar taki ashirin a kan yashi, ya tsaya daidai tsakiyar hanyar tseren. Inna Maijidda na zaune a kai yadda ta zauna da safe. Ƙwarya ko ɗaya ba ta kife ba. Tulun ne kaɗai ya fashe, zabi biyu suka fice suka shiga cikin 'yan kallo. Ta gyara lulluɓinta ta ci gaba da zama.

Da nauyi ya sauka sai Guguwa ta zama dokin da Labbo ya yi alkawari. Ta miƙe kamar an harba ta. Shi bai waiwaya ba, don ba a waiwayen suruka, ya ɗauka addu'arsa ce ta ci. Ya ma ce wa Guguwa ta gaya wa Inna ya gode da ta yi shiru. Ya wuce gaban laima yana sara wa Bature, filin ya ɗauki sowa. Wada kuwa ya kauce wa bencin da ƙyar, yana can baya da rabin zagaye.

Labbo ya sha kwanar farko a zagaye na biyu, ya miƙe, sai ya hango wani baƙin abu a tsakiyar hanya. Ya matso. Ya ga ƙwarya uku. Ya ga kwando. Ya ga zanen da ya sani.

Akwai wurin wucewa ta dama, akwai ta hagu, ko lori ta wuce. Amma ga Isa kaf tana kallo, ga mutanen Sabon Birni, ga dangin Larai da suka zo cin kasuwa, ga surukarsa zaune a ƙasa. Ya wuce ta a guje yana zaune a sama, ya watsa mata yashi? Ƙafarsa ta yanke hukunci kafin kansa. Ya danna birki, motar ta yi kururuwa ta tsaya, inji ya yi tari biyu ya mutu. Ya sauko ya durƙusa.

"Sannu da hutawa, Inna."

Ta amsa wa kwandon, ta tambayi kwandon ya gajiyar hanya. Ya ce wa ƙasa ba gajiya. Ta tambayi kwandon ya rana. Ya ce rana ta yi kyau. Gaisuwar tsofaffi ba a katse ta, suna tsakiyar lafiyar mutanen gida lorin Wada ta wuce su tana tari.

Da aka kai ƙarshe Labbo ya ja da baya a durƙushe har ya isa motar, ya miƙe ya lalubi handul. Can ya hango shi a ɗaya ƙarshen filin, Sodangi na ɗaga masa shi sama kamar mai nuna tsintuwa. Ya sa kafaɗa ya tura motar don ta tashi. Ba birkin hannu, filin kuma ya ɗan gangara, sai Guguwa ta tafi ba shi. Ya bi ta ba takalmi, ƙayar tsaidau na karɓarsa, mutane na ba shi hanya suna ba shi shawara. Ta ratsa ta bayan laima, ta ture tebur ɗin shayin Bature, ta je ta sa hanci a kududdufin da ake kwaɓar ƙasar gini, ta tsaya.

Wada ya zo zagaye na uku ba mai kora. Ya tsaya a gaban bencin, ya sauko ya gaida tsohuwa, ya ɗora ta da ƙwaryoyinta a bayan lori, ya sa aka kamo zabin biyu, ya ƙarasa layin a hankali. Daga nan bai tsaya ba sai gindin tsamiyar kasuwa.

Bature ya sa aka kira Labbo, ya zo laka har gwiwa. Tafinta ya ce Bature na so ya san dalilin da mutum zai tsaya yana kan gaba, ya sauka ya tsuguna. Labbo ya gyara kakinsa ya ce a gaya wa Bature dabarar yaƙi ce, a Bama haka suke yi, a bar abokin gaba ya wuce sannan a auka masa ta baya. Bature ya tambaya yaushe za a auka. Labbo ya ce da handul na kusa da an gani. Bature ya mayar da lofensa baki, ya miƙa wa Wada jakar wasiƙu. Hakimi ya ce a kawo rawani.

Da la'asar kasuwa ta watse, aka taru aka ciro Guguwa daga laka. Sodangi ya murɗa har ya gaji, ba ta ko yi tari ba. Sarkin Mota Wada ya ce ba komai, hanyarsu ɗaya, ya ɗaura mata igiya a bayan lori. Labbo ya hau ya kama sitiyari. Yana ɗaga kai ya ga 'yan kasuwa sun cika lorin, a can ƙarshe kuma, bakin ƙofar baya, ƙafa a waje, fuska na kallonsa daidai, Inna Maijidda ce da ƙwaryoyinta wofi. Ya sunkuyar da kai.

Haka suka taho tun daga Isa, yana tuƙi yana kallon igiya. Amma duk ƙauyen da suka ratsa, in mutane suka fito bakin hanya, sai a ji muryarsa daga ƙarƙashin sitiyari yana cewa su matsa, lorin Wada ce ta gaji, shi ke tura ta.